Layin da Ba Shi da Suna a Littafin Baba Saje

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Karaye da sassafe ya san rumfar Sunusi tela, ta uku daga bakin hanya in ka fito daga tasha. Ba ɗinkin Sunusi ne ya yi mata suna ba, don ɗinkin nasa ga shi nan dai, wani lokacin hannun riga ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa tsawo. An san ta ne saboda kullum za ka tarar an share gabanta tas, an yayyafa ruwa, tun mai ita bai gama karyawa a gida ba. Mai wannan shara shi ne Saje Abdulƙadir, wanda kowa ke kira Baba Saje. A rumfar yake kwana, yau shekara tara ke nan.

Amma ko da asuba ka zo, ba za ka ga alamar an kwana a wurin ba. Kafin ya tafi masallaci ya naɗe tabarmarsa, ya cusa bargo a tsohuwar jakarsa ta soja, ya rataye su can saman azara inda ido ba ya kaiwa, sannan ya share har sawun ƙafarsa. Sunusi ya sha yi masa magana.

"Baba Saje, ka bar tabarmar nan a ƙasa mana. Wa za ta tare wa hanya?"

"Wurin sana'arka ne, Malam Sunusi. Aro ka ba ni, ba kyauta ba."

Haka suke yi duk bayan 'yan watanni, kuma ba a taɓa tashi Sunusi ya yi nasara ba.

Asalinsa mutumin Fulatan ne, a ƙasar Rogo. Ya yi karatun allo a gaban kawunsa har ya sauke, ya taɓa littattafai kaɗan, sannan wata shekara da fari ya ƙone musu dawa ya bi wani abokinsa suka shiga soja. Da shi aka je Laberiya, da shi aka je Saliyo, a shekarun da ake kwasar sojojinmu zuwa kwantar da tarzoma a can. Ya ajiye aiki a Kaduna, a can kuma matarsa Asma'u ta rasu, Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya a raye ba. Da ya tattaro ya dawo Fulatan, sai ya tarar damina ta kwantar da gidan mahaifinsa, ƙaninsa kuma ya sayar da filin ya yi kudu, ko sallahu bai bari ba. Mutanen gari ba su yi masa rowa ba, an ba shi ɗaki a gidan wani ɗan'uwan uwarsa. Kwana huɗu ya yi. Ya ce shi ba zai iya zama ana miƙo masa kwano safe da yamma yana godiya ba. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce kunya ce. Ni dai a ganina duka biyun ne, sun haɗu sun cakuɗe har shi kansa ba zai iya raba su ba. Ya hau mota ya zo Karaye, inda ba wanda ya san ubansa.

A cikin jakar nan tasa akwai abu ɗaya da ya fi bargon daraja a wurinsa: wani ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare, a naɗe cikin leda. Ga yadda aka yi ya same shi. A rundunarsu shi ne mai ɗan karatu, limamin bataliya kuma sau da yawa yana nesa. Saboda haka in soja Musulmi ya faɗi, Abdulƙadir ake kira. Shi zai yi masa wanka, ya samo abin da zai yi likkafani ko da zanen gado ne, ya tara waɗanda ke kusa a yi salla, a haƙa a rufe. Bayan an watse sai ya zauna ya rubuta da fensir, cikin ajami: sunan mamacin, garinsu, ranar da ya rasu, inda aka binne shi, da mutum nawa suka sallace shi. Ba wanda ya sa shi. Ya dai san cewa za a aika wa iyali takardar sanarwa, amma takardar sanarwa ba ta faɗin abin da uwa take son ji. Uwa so take ta ji ko an yi wa ɗanta wanka, ko an yi masa salla, ko an juya fuskarsa gabas.

Mutum arba'in da ɗaya ne a littafin. Gida shida ya samu ya kai labari da ƙafarsa, na kusa, irin su Gwarzo da Ƙiru da Malumfashi. Sauran sun yi masa nisa: Bida, Mubi, Argungu, Gombe, da wasu ƙauyukan da sunansu kawai ya sani. Kullum yana cewa sai ya samu hali, hali kuwa bai zo ba. Abin da ya zo shi ne tsufa. Fensirin ya fara dusashewa, takardar ta yi laushi, yanar ido kuma ta fara rufe masa idon hagu. Wata rana ya buɗe wani shafi ya kasa karanta rubutun hannunsa sai da ya fita tsakiyar rana. Ranar bai iya cin abinci ba, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a bakin daga.

Ya taɓa gwada kai wa wani mai shagon buga takardu. Mutumin bai iya ajami ba, ya ce Baba Saje ya riƙa karantowa yana bugawa. Rediyo na ta kiɗa, mutane na jiran layi, aka zo kan sunan wani ƙauye mai shagon ya fashe da dariya ya ce wannan kuma a wace duniya yake. Baba Saje ya rufe littafinsa, ya mayar cikin leda, ya ce a gafarce shi. Tun daga ranar ya ƙudura cewa ba hannun da zai juya sunayen nan zuwa boko sai nasa.

Ana nan sai wata ƙungiya ta 'yan asalin Karaye da Rogo mazauna birni ta buɗe ɗakin koyon kwamfuta a bayan kasuwa. Kwamfuta takwas ce, da faifan sola a kan rufi. Da safe, Litinin da Laraba da Asabar, an ware awa ɗaya da rabi kyauta don tsofaffin sojoji da 'yan sanda, musamman waɗanda rayuwa ta juya wa baya. Da yamma kuma matan gari ke zuwa nasu darasin. Mai koyarwar wata matashiya ce, Malama Radiya, 'yar mai unguwa daga Tudun Kaya, wadda ta yi karatun kwamfuta a Kano. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, tana magana da sauri kamar mota na jiranta.

Ranar rajista ta tambaye shi suna ya faɗa, ta tambayi shekaru ya faɗa. Da ta ce, "Adireshi fa, Baba?" sai ya dubi hularsa da ke hannunsa. Can ya ce, "Rumfar Sunusi tela, cikin kasuwa." Ta rubuta yadda ya faɗa, ba ta ɗago kai ba, ba ta ce wayyo ba, ta wuce tambaya ta gaba. Wannan kaɗai ya sa ta shiga ransa.

Kafin a kunna komai ta tsaya a gaba ta kafa doka. Ta ce, "Iyayena, kwamfutocin nan na jama'a ne, ba na mutum ɗaya ba. Da yamma wasu za su zauna inda kuka zauna. Don haka in an tashi, kowa ya bar tasa yadda ya same ta." Ita abin da ke ranta shi ne ɓawon gyaɗa da tukar rake, da masu jan waya su tsinke. Sauran tsofaffin ma haka suka fahimta, suka ci gaba da ɓare gyaɗarsu a ɓoye. Baba Saje kuwa ya miƙe zaune, ya ɗauki maganar yadda soja ke ɗaukar umarni. Shekara talatin yana mayar da bindiga ma'ajiya a goge, babu harsashi ko ɗaya a cikinta. Shekara tara yana share sawunsa daga rumfar da ba tasa ba. Ba wanda zai koya masa ma'anar a bar abu yadda aka same shi.

Koyon bai zo masa da sauƙi ba. Yatsunsa sun yi kauri, in ya danna harafi ɗaya sai uku su fito. Linzamin kwamfutar ya riƙe shi da ƙarfi kamar zai gudu, har wani tsohon ɗan sanda da ke gefensa ya ce, "Saje, sassauta masa, ba fursuna ba ne." Ya sha wuyar gano inda haruffa suke, ya ce wanda ya jera su bai taɓa yin fareti ba, in ba haka ba ina dalilin a ajiye A a nan, B a can wata unguwa. Amma ba ya fashi, ba ya makara. A mako na biyu aka koya musu yadda ake adana rubutu a cikin na'ura don a dawo a same shi. Ya yi daidai yadda aka nuna, ya adana gwajin, Malama ta duba ta ce ya yi kyau. Da aka tashi ya bi gwajin ya goge. A tunaninsa wannan darasi na waɗanda wata rana za su sayi tasu kwamfutar ne. Mutum ba ya ajiya a ɗakin da ba nasa ba.

Daga mako na uku, da aka ba kowa dama ya rubuta abin da yake so, sai ya fito da littafin. Ya buɗe shi a kan cinyarsa, ya fara da na farko, da yatsa biyu. Ranar mutum uku ya rubuta lokaci ya cika. Ya dubi agogon bango, ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, ya danne har allon ya koma fari fat, ya gyara kujera ya fita.

Dabararsa mai sauƙi ce, kuma irin ta soja. Tunda ba a barin komai a na'urar jama'a, to dole ya yi ta atisaye har hannunsa ya yi saurin da zai rubuta mutum arba'in da ɗaya a zama ɗaya, cikin awa ɗaya da rabi. Ranar da ya iya, sai ya roƙi Malama ta fitar masa a takarda kafin a tashi. Haka ya yi ta yi. Uku suka zama bakwai, bakwai suka zama goma sha biyu. Kullum daga na farko yake farawa, kullum kuma sai ya goge. Radiya in ta zagayo ta bayansa sunaye iri ɗaya take gani a saman allo, ta ɗauka tsoho ne yake maimaita darasi don ya zauna masa. Tana da ɗalibai goma sha biyar a kan na'ura takwas, kowa na kiran Malama, ba ta tsaya ta tambaya ba. Mako shida aka yi a haka, idonsa na hagu kuma yana ƙara rufewa.

Wata Litinin aka tashi, kowa ya fita, ita kuma ta tsaya neman makullinta. Sai ta hango shi a tsaye gaban kwamfuta, ƙafafu a haɗe, yatsa a kan maɓalli, leɓɓansa na motsi. Ta matso. Layuka ne ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, shi kuma duk sunan da ya tafi sai ya ce Allah ya jiƙanka.

"Baba, me kake yi haka?"

"Ina gyara wurina, Malama. Yau na kai goma sha tara. Saura ashirin da biyu."

"Goma sha tara na me?"

Ya ɗaga yatsansa, ya nuna mata littafin, ya yi mata bayani a taƙaice kamar mai ba da rahoto: su wane ne, me ya sa, da yadda yake fatan hannunsa ya yi sauri kafin idon ya tafi gaba ɗaya. Ta ja kujera ta zauna.

"Baba, tun yaushe kake gogewa?"

"Tun ranar farko. Ke kika ce kowa ya bar ta yadda ya same ta."

"Ni fa ɓawon gyaɗa nake nufi, Baba."

Ya dube ta, ta dube shi. Abin dariya ne, amma ba wanda ya yi dariya. Kunya da baƙin ciki suka kama ta, ta tuna sau nawa ta wuce ta bayansa tana cewa sannu Baba, ana ƙoƙari. Ta jawo allon maɓallan gabanta, ta danna maɓalli biyu tare, ta sake, ta sake. Sunayen da ya goge suka riƙa dawowa layi bayan layi, har na goma sha tara. Baba Saje ya dafa teburin.

"Sun dawo," ya ce a hankali. "Ikon Allah."

Ta buɗe masa wurin ajiya na musamman a cikin na'urar, ta rubuta sunansa a kai da manyan haruffa, SAJE ABDULƘADIR FULATAN, ta sa rubutun a ciki.

"Ka ga nan? Naka ne. Ba mai buɗewa, ba mai taɓawa. Kai ma ban yarda ka goge komai a ciki ba."

"Su kwana a ciki?"

"Su kwana, su yini, su shekara."

"Matan yamma fa? Ba zan tare musu wuri ba?"

"Ko mutum dubu ka rubuta ba za ka tare wa kowa wuri ba."

"Umarni ne, Malama?"

"Umarni ne, Baba."

"To, an gama."

Duk da haka bai yarda ba sai da ya gani. Ranar Laraba tun ƙarfe takwas yana zaune a dakalin ƙofar, darasi kuwa sai goma. Da aka buɗe ya kunna na'urar da kansa, ya nemo sunansa, ya danna. Suna nan, su goma sha tara, ba wanda ya motsa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ciro hankici ya ce idon nan na hagu ya cika ruwa kwanan nan. Ɗan sandan da ke gefensa, duk da tsokanarsa, ranar kawar da kai ya yi ya ci gaba da aikinsa.

Daga nan aikin ya canza. Tsere ya ƙare, sai natsuwa. Na farkon nan ya riga ya haddace su saboda maimaici, amma shafukan baya su ne suka fi dusashewa. Kowane layi sai ya tashi ya kai littafin bakin ƙofa, ya karkata shi ga rana, ya dawo ya rubuta. Yanzu kuma da ya san ba gogewa zai yi ba, sai ya riƙa ƙara abin da ya tuna: wane a gindin mangwaro yake bayan wata makaranta, wane ruwa ake yi ranar, mutum tara suka tsaya a kansa. Huɗu ko biyar yake yi a zama. Cikin zama uku ya kai talatin da uku.

Ranar Asabar ɗin da yake sa ran matsawa kusa da ƙarshe, aka aiko daga Kurugu tun da safe cewa wani dattijo ya rasu, kuma ya bar wasiyya Baba Saje ne zai yi masa wanka. Har yanzu yana wannan aikin, kuma ba ya cewa a'a. Ƙa'idarsa ce ba ya kai littafin inda ake zuba ruwa, don haka ya bar shi a jaka, a saman azara, ya hau babur ya tafi. Watan Agusta ne. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta riga ruwan isowa, ta ɗaga kwanon rumfuna huɗu a layin su Sunusi ta yar a bayan kasuwa. Sunusi ya rungumi kan kekensa da yadin mutane ya ruga shagon maƙwabci. Sai da ruwa ya tsagaita ya tuna da jakar. A cikin kwata ya tsamo ta.

Da la'asar Baba Saje ya dawo ya tarar da Sunusi a tsugune, ya shanya bargo, ya ajiye ledar a kan benci ya kasa buɗewa. Ledar ta tsufa, duk ta huje. Baba Saje ya warware ta da kansa. Littafin ya zama kamar ƙullun koko, in ka taɓa shafi sai ya biyo yatsa.

"Baba Saje, ka yafe ni. Wallahi hankalina ne ya tafi kan kayan mutane."

"Daidai ka yi, Malam Sunusi. Amanar da ke hannunka ka fara cetowa."

Mutum takwas ne suka rage a shafukan nan, kuma ba su cikin na'ura.

Ranar Litinin bai je darasi ba, karo na farko ba tare da dalilin jana'iza ba. Da aka tashi Radiya ta bi shi kasuwa. Ta same shi yana miƙa wa masu gyaran rufi ƙusa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa jaje, sannan ta faɗi abin da ya hana ta sukuni kwana biyu.

"Baba, laifina ne. Da na tambaye ka tun makon farko, da tuni an gama, an fitar a takarda."

"A'a, 'yata. Laifin sojan da bai tambayi ma'anar umarni ba ne." Ya juya ƙusa a hannunsa. "Shekara kusan talatin ina ɗauke da su. Saura zama biyu na sauke, na zubar."

"Ba ka zubar ba tukuna. Kai ka wanke su da hannunka. Ka zo ka zauna gaban na'urar, abin da ya dawo ka rubuta, abin da bai dawo ba mu jira shi."

Ya koma ranar Laraba. Ba da sunaye ya fara ba, da wurare ya fara. Sai ya rufe ido ya bi hanyar da rundunarsu ta bi a shekarar ƙarshe, gari bayan gari, gada bayan gada, duk inda ya tuna sun haƙa ƙasa sai ya tsaya ya tambayi kansa wa aka sa a nan. Wani sunan ya zo nan take. Wani sai da ya kwana uku, ya faɗo masa yana tsakiyar alwala, ya riƙa maimaita shi a baki har ranar darasi don kada ya gudu. Cikin mako biyu bakwai suka dawo.

Na takwas ya ƙi. Dalili kuwa, ba ɗan rundunarsu ba ne. An kawo shi ne da rauni daga wani wuri, ya yini ɗaya a hannunsu ya cika kafin magariba. Sunansa a jikin rigarsa Baba Saje ya gani ya kwafa, sau ɗaya, bai taɓa kiransa da shi ba. Fuskar tana nan a idonsa, sunan babu. Ya ce wa Radiya a rufe a kan arba'in, shi ya ci amanar wannan.

Ta ce, "Me ka tuna game da shi?"

"Abin da ba zai yi amfani ba."

"Rubuta shi haka nan."

Sai ya rubuta, a layi na arba'in da ɗaya: Bawan Allah, ban riƙe sunansa ba. Dogo ne, baƙi, mai wushirya. Ɗan yatsansa na hagu guntu ne, tsohon yanka. Ya ce mini mahaifiyarsa tana sayar da man gyaɗa a bakin tasha a Azare. Ya nemi ruwa na ba shi ya sha. Ya yi kalmar shahada. Ni na wanke shi, mu goma sha ɗaya muka yi masa salla, yana kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya.

Aka fitar da takardun, shafi shida. Mahaifin Radiya ya raba wa 'yan'uwansa masu unguwanni, ita kuma ta tura ta waya zuwa zaurukan sada zumunta na tsofaffin sojoji, ta sa lambarta a ƙasa tunda Baba Saje ba shi da waya. Daga nan abin ya yi ta tafiya hannu zuwa hannu. Aka fara kira. Wani daga Bida ya ce shi ɗan na goma sha huɗu ne, yana cikin ciki ubansa ya tafi. Wata daga Mubi ta kasa magana, sai kuka, sannan ta kashe. Wasu layukan har yau ba wanda ya kira a kansu, kuma wataƙila ba za a kira ba.

Bayan mako uku, wata Laraba ana tsakiyar darasi, wayar Radiya ta yi ƙara. Ta saurara kaɗan, sai ta zo ta tsaya a kansa ta miƙa masa. Muryar wata dattijuwa ce. Suka gaisa, ta tambayi iyali ya ce lafiya, ta tambayi damina ya ce alhamdu lillahi. Ta ce sunanta Zuwaira, daga Azare take kira, ɗanta ne ya karanta mata takardar jiya.

"Malam, yatsan nan ni na yanke masa. Muna yara, muna yankan ciyawar awaki, lauje ya kuɓuce mini. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Baba Saje ya miƙe tsaye da wayar a kunne.

"Innarmu ta rasu shekara goma sha biyu ke nan. Har ta koma ga Allah tambayarta ɗaya ce, ko an samu wanda ya rufe shi yadda ake rufe Musulmi. Malam, da gaske kai ka wanke shi?"

"Ni ne, Hajiya, da hannuna."

"An juya shi gabas?"

"An juya shi. Ni na shiga ramin na gyara masa kwanciya."

Can ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau zan je kabarin Inna." Ta yi masa addu'a mai tsawo, shi da iyayensa da zuriyarsa, bai katse ta ya ce ba shi da zuriya ba. Sai da ta gama ya ce, cikin wata murya da ba a san shi da ita ba:

"Hajiya, don Allah, yaya sunansa?"

"Zaharaddini. Zaharaddini Hadi."

Ya rufe ido. "Shi ne," ya ce. "Haka aka rubuta a rigar."

Ya miƙa wa Radiya wayarta, ya zauna, ya gangara zuwa layi na arba'in da ɗaya. Ya goge kalmomin nan na farko, ban riƙe sunansa ba, kuma wannan ce gogewa ta ƙarshe da ya yi a na'urar. Da yatsa biyu ya rubuta sunan, harafi bayan harafi, ya kira Malama ta duba ko ya yi kuskure. Ta ce babu. Ya adana, ya sake adanawa don ya tabbata.

Har yanzu Baba Saje a rumfar Sunusi yake kwana, ƙarƙashin sabon kwano, idon hagu kuma ya tafi gaba ɗaya. Amma washegarin ranar da aka yi wayar nan, da Sunusi ya zo buɗe rumfa, ya tarar an share gaba tas an yayyafa ruwa kamar kullum, tabarma kuwa tana nan a shimfiɗe a kusurwa, da bargo a ninke a kanta. Sunusi ya tsaya ya dube ta. Sannan ya ja kekensa gefe kaɗan don kada ƙafarsa ta riƙa taka ta, ya zauna ya fara ɗinki.